Kwalaben da Baba Ya Ce In Rufe

Shekara huɗu na yi ina dakon bira a bayan keke a Jidda, kuma har yau in na faɗi haka a gaban mutanenmu sai in ga wani ya gyara zama, wani ya shiga laluben carbi a aljihu. To ku kwantar da hankalinku, birar Jidda ba ta bugarwa. Tun ban yi wayo ba hukuma ta hana giya a ƙasar, wanda duk aka kama da ita kuwa ya san sauran. Wadda nake ɗauka ruwan sha'ir ce da ake kawowa ta jirgin ruwa, an cire mata abin da ke sa maye, an kuma rubuta haka da Larabci ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar. Sai dai kwalbar ta giya ce sak, koriya mai dogon wuya, in an buɗe ta yi kumfa, ga ɗaci. Larabawa bira suke ce mata, ba su sake mata suna ba, ba sa kuma jin nauyin sunan. Dattijo da furfurarsa zai fito daga sallar la'asar ya haye mirkaz, dogon bencin nan na igiya da ake jerawa a ƙofar gidan shayi, ya kafa kwalba a baki kowa na gani, yana gaya wa na kusa da shi wai tana wanke ƙoda.

Ina da shekara ashirin da uku na samu aikin, bayan na gaji da tsayuwa a bakin tashar jiragen ruwa ina jiran wanda zai nuna ni da yatsa ya ce zo ka ɗauki buhu. Ma'ajiyar kayan tana unguwar Ammariyya, ta wani mutumin Hadramaut ce, ɗan siriri mai yawan tari. Shi ya ba ni keken, baƙi, mai nauyin tsiya, an yi masa kariya ta ƙarfe gaba da baya. Akwati biyu a baya, ɗaya a gaba, in ɗaure da robar da aka yanko daga tsohuwar tayar mota, in bi gidajen shayi da kantunan unguwar Sharafiyya ina saukewa ina kwaso kwalaben jiya. Wanda bai taɓa tuƙa keke da akwati uku na kwalabe ba bai san yawan ramukan Jidda ba. Kowane ɗan gargada sai sun yi kuka gaba ɗaya, tun daga nesa ake jin zuwana, har masu shayi suka daina leƙowa, da sun ji sai su fara fito da fanko. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Karo na farko ke nan da nake kwanciya na san inda zan nufa da safe.

Baba mai tsire ne, abin da Larabawa ke kira siriyya. Da ƙafa ya baro garinsu a ƙasar Zazzau yana saurayi, ya yi shekara bakwai a hanya, ya tsinci auduga a Sudan, can ya auri Inna, suka haye teku suka sauke farali, daga nan kuma komawa ta gagara. A Jidda aka haife ni, a Bani Malik na girma, lokacin unguwar duk gidajen langa-langa da katako ce. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai kai, ko wannan. Hira kuwa babu ita tsakaninmu. Abin da muke da shi faranti ne. Kullum bayan azahar, kafin ya fita hura wuta, Inna za ta kawo shi rumfar ƙofar gida, mu zauna ni da shi mu ci, ƙannena mata suna ciki tare da ita. Ba ya magana in yana ci, ni ma ba na yi. Amma muddin hannunsa na shiga inda nawa yake shiga, na san muna shiri, ba na buƙatar a gaya mini.

Ranar da na fara zuwa cin abincin rana da keken, na jingina shi a jikin rumfa da fankon kwalabe a kai. Baba ya daɗe yana kallonsu kafin ya ce, "Kai, wannan fa?"

"Bira ce, Baba. Irin wadda ba ta da komai."

"Na san ta. Rabin masu sayen tsirena da ita suke korawa."

"To ka gani. Har limamin masallacin bayan ma'ajiyarmu yana aikowa a kai masa."

"Shi a garinsu yake," in ji Baba. "Ban ce maka tana bugarwa ba. Amma ni na ga kwalbar nan a Sabon Gari tun kafin in baro gida, na kuma san irin mutanen da ke riƙe ta. Mutumin garinmu in ya gan ta ba zai tsaya karanta jikinta ba. Mu nan ido biyu ne a kanmu, na mutanen nan da na mutanen gida."

Na buɗe baki zan kawo hujja ta biyu, don a lokacin ba a raba bakina da hujja, sai ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai ce in bar aikin ba, ya san wuyar da na sha kafin in samu. Abu ɗaya yake so, in riƙa rufewa.

A wurinmu wannan ba wani abu ba ne, mu mutane ne masu rufe kaya. Tuwo za a kai maƙwabta, sai an kifa faifai. Nama ka sayo, sai ka naɗe shi, kada wanda bai samu ba ya gani. Inna ko albasa ba ta ratso layi da ita a buɗe. Wanda ya ɗauko abu tsirara yana tafe da shi, kallon marar ta ido ake yi masa. Saboda haka na ce to. A ranar Inna ta farke buhunan shinkafa biyu ta haɗe su da babbar allura, ta yi wa akwatunan baya riga, na gaba kuma ta ba ni wani tsohon zane.

Da maigidana ya gani sai da ya yi tarinsa ya huta, sannan ya ce, "Ya waladi, ɗana, a garin nan abin da aka rufe shi ake bincikawa." Ya ce masu dafa ta haram a ɓoye can bayan gari, su ne ke yawo da kwalabe cikin buhu, mai halal a buɗe yake tafiya. Na ce masa umarnin mahaifina ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, shi ke nan, tunda uba ya faɗa. Sauran masu kekuna kuwa suka samu abin yi, kullum na fito sai an tambaye ni gidan wa zan kai amaryar.

Wata biyar ina haka, ban ji daɗinsa ba ko na rana ɗaya. Buhu yana hana gani amma ba ya hana ji. Kwalabe na kuka a ƙarƙashinsa, mutane na waiwayowa, ni kuma in sunkuyar da kai kamar na sato. Abin da nake ɗauka da ƙarfina, zufa har cikin ido, shi ya zama abin da nake ɓoyewa. Amma da azahar in na wanke hannu na zauna gaban Baba, sai in ce wa kaina ai buhu ba shi da wani nauyi.

Abin dariya, cikin dattawan unguwarmu ma akwai masu shanta. Ciwon ƙoda ya yi yawa a Jidda, kowa kuma ya ji Larabawa na cewa magani ce. Sai mutum ya tare ni a lungu, bayan ya duba gabas ya duba yamma, ya zaro butar shayi daga cikin riga ya ce in juye masa biyu a ciki in tafi da fankon. Ya koma ƙofar gidansa ya zauna yana tsiyayawa a ɗan kofi, ga kumfa na tashi, mai wucewa ya ce a sha lafiya Alhaji, ya amsa da cewa shayi ne ya huce. Balarabe na sha a kan mirkaz ƙafa ɗaya kan ɗaya, namu na sha a buta yana waige, alhali abin ɗaya ne, ƙodar ma iri ɗaya. Na kai wa Baba wannan labari ina murna na samu hujjar da ba ta da amsa. Ya ce, "To ka ga su ma sun rufe."

Sai lokacin aikin hajji ya zo. A shekarun nan filin jirgi yana cikin gari, jikin Sharafiyya, ga masaukin alhazai kusa da shi, kuma dole ta gabansa nake bi. In alhazan Najeriya suka sauka, titin nan komawa yake kamar ranar kasuwa, Hausa ko ta ina, mata na taya tasoshi da mayafai, maza na neman inda ake sayar da agogo. Wata rana wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta take, na faɗa wani rami, kwalabe suka amsa gaba ɗaya. Wani askari, wato ɗan sanda, da ke tsaye a bakin titi ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Me ke cikin buhun?"

Na ce bira ce. Ya ce in sauke ya gani.

Na kwance roba, na yaye rigar da Inna ta ɗinka, na jera akwatuna uku a ƙasa. Kafin in ɗago an zagaye mu. Askarin bai wulaƙanta ni ba, aikinsa yake yi. Ya riƙe iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannu ɗaya, yana zaro kwalabe yana duba marfinsu, ko an taɓa buɗewa an sake cikawa da wani abu. Ni kuwa ba shi nake saurare ba, bayana nake saurare, don ganin tufafin 'yan gari a jikina alhazan sun ɗauka ba na jin Hausa.

"Innalillahi. Giya ce wallahi."

"A nan? A ƙasa mai tsarki?"

"Ga ta kuwa har akwati uku. Dubi yadda ya lulluɓe ta."

"Kuma wannan da gani jininmu ne. Ko ɗan wane ne oho, Allah ya shirya."

Askarin ya fasa ɗaya, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, sai ya yi dariya. Ya miƙo mini iƙamata ya ce, "Kai miskini, halal kake ɗauke da ita kake tafiya kamar ɓarawo? Wa ya ce ka rufe?" Ya dubi kwalbar da ya buɗe tana zubar da kumfa a hannunsa, ya danƙa mini. "An riga an buɗe. Sha abinka, ga rana. Yalla, yi gaba."

Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, da na tsiyayar da ita a ƙasa na ɗaure kayana na yi gaba. Amma raina ya riga ya ɓaci, na gaji da sunkuyar da kan da na yi wata biyar. Na juya na fuskance su, na kafa kwalbar a baki, ban sauke ba sai da ta ƙare. Sannan na ɗaga ta sama na ce da Hausa, yadda na can baya ma zai ji, "Ba giya ba ce. Ga rubutu nan, mai iya karatu ya zo ya karanta." Ba wanda ya matso. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki, wani dattijo mai tsage a kumatu ya tofar da yawu ya juya. Na loda kayana, na bar buhun da zanen a nan bakin titi.

Da azahar muna tsakiyar ci na gaya wa Baba komai, ban rage ko shan da na yi ba. Ya tsaya da loma a hannu.

"A gabansu ka sha?"

"A gabansu. Kuma daga yau na daina rufewa, Baba. Rufewar ce ta jawo. Da a buɗe nake, ko kallona askarin ba zai yi ba."

"Na ce ka rufe don kada su gani, kai kuma ka je ka tsaya ka sha musu."

Nan ne bakina ya fi ƙarfina. Na ce, "Baba, tsirenka da birata a kan tebur ɗaya ake haɗa su kullum. In tawa abin kunya ce, to..." Ban ƙarasa ba, amma ya ji ƙarshen. Ya mayar da lomar gefen faranti, ya jawo buta ya wanke hannu, ya shiga ciki. Washegari Inna ta fito da kwano biyu, ta ajiye nawa ba ta dube ni ba.

Kusan wata guda muka yi haka. Na ba shi haƙuri a kan maganar tsire, na durƙusa har ƙasa, don wannan na san rashin kunya na yi. Ya ce ya ji. Ya tambaye ni ko zan koma rufewa, na ce a'a. Ya ce to. Kwano biyu suka ci gaba da fitowa.

A titi kuwa kamar an rage mini akwati ɗaya. Ba mai waiwayowa, ba mai tsayar da ni, askarin nan in na wuce har hannu yake ɗaga mini. A Bani Malik ne kawai abin ya zama magana. Dattawan nan masu buta suka daina amsa sallamata a fili, amma a lungu ba su fasa tare ni ba, ni kuma ban fasa juye musu ba, sai dai na daina taya su waige.

Inna ta bi ni da lallashi, ta bi ni da faɗa. Ta ce buhu nawa yake, yau ɗin nan sai ta ɗinka wani. Ta ce taurin kan nan ba ta san inda na samo shi ba, sai kuma ta dubi ɗakin Baba ta ce a'a, ta sani. Na ce mata, Inna, in na sake rufewa na yarda ke nan abin kunya nake yi, kuma gobe wani askarin zai sake tsayar da ni, wataƙila wanda ba ya dariya. Ina iya cin abincina a Sharafiyya, ga masu shinkafa nan a kowane lungu, amma ban yi fashin rana ɗaya ba. Duk inda azahar ta same ni sai na taka keken nan har gida, in jingina shi da kwalabensa a buɗe, in zauna a wurina na kullum da ɗan kwanona, Baba yana can ƙarshen tabarma ya ba ni gefe. Abincin ba ya mini daɗi, wata rana da ƙyar yake wucewa. Na dai ƙudura a raina ba zan rufe ba, kuma ba zan tashi daga tabarmar nan ba.

Akwai abin da Baba yake yi kowace shekara in alhazai sun sauko daga Makka suna jiran jirgin komawa. Zai sa farar rigarsa, ya bar tukubar tsire ba wuta, ya tafi masauki yana bi rukuni-rukuni yana tambayar ko akwai mutanen garinsu. Wanda ya samu sai ya kawo shi gida, a yi masa shinkafa da nama, ya kwana biyu yana ba Baba labarin wanda ya mutu, da wanda ya yi jika, da rijiyar da ta ƙafe. In za su tafi ya ba su dabino da turare su kai wa ƙanwarsa, wadda ya baro tana 'yar yarinya. Shekara talatin da ɗoriya rabonsa da garin. Ba shi da gona a can, ba shi da ɗaki. Abin da yake da shi kawai shi ne in an ambace shi a ce, ai wane yana can kusa da Ɗakin Allah, gidansa gidan alhazai ne.

A wannan shekara mutum uku ya samo, cikinsu har da ɗan wan babansa, wanda suka yi kiwon awaki tare. Murnar da na ga Baba yana yi ranar ban taɓa ganin irinta ba, har dariya na ji yana yi tun daga bakin layi. A gaban baƙi ba a raba kwano, saboda haka Inna ta yi babban faranti ɗaya, ni kuma a matsayina na ɗan gida na ɗauko buta da tasa ina bi ina zuba musu ruwa. Na zo kan babban baƙon na durƙusa na ce, "Baffa, ga ruwa." Ya miƙo hannu, ya dubi fuskata, sai ya janye. A lokacin na ga tsagen kumatunsa, na gane dattijon nan ne da ya tofar da yawu a bakin masauki.

"Wannan ɗanka ne?" ya tambayi Baba.

"Shi ne babba, Yaya."

"To shi na gani ranar da muka sauka. Askari ya kama shi da giya akwati uku a lulluɓe, ya tsaya a gaban maza da mata ya shanye kwalba guda, yana yi mana tsawa." Ya juya ya dubi keken da ke jingine, rana na dukan kwalaben. "Au, ga ta ma har ƙofar gida."

Na ce, "Baffa, bari in ɗauko ɗaya ka karanta abin da aka..."

"Yi shiru," in ji Baba.

Baffa ya tattara rigarsa a cinya. Ba da fushi ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi zafi. Ya ce shi bai zo ya ci mutuncin kowa ba, amma da aikin hajjinsa sabo a jikinsa ba zai sa hannu a faranti ɗaya da mashayi ba. In yaron zai koma ciki ya ci, shi ke nan, sai a ci abinci a yi zumunci, abin da ya gani kuma ya bar shi a nan Jidda ba zai kai gida ba.

Hanya mai sauƙi ya ba Baba, ni kuma na san wata guda ke nan ba ma ci tare, to me zai hana. Na ajiye butar a hankali na yunƙura zan tashi. Ban ji haushin Baba ba wallahi.

"Zauna," in ji Baba, bai dube ni ba. "Yaya, abin nan ba ya bugarwa. Da yana bugarwa da yaron nan yana kurkuku, ba a nan ba. Sana'ar ban so ta ba, har gobe ban so ta ba, shi ma ya sani. Amma ɗana ba mashayi ba ne. In na tashe shi daga farantin nan don ka ci, na ce mashayi ne ke nan, a gabanka, a ƙofar gidana. Ba zan faɗa ba."

"To ni abin da idona ya gani shi zan faɗa a gida."

"Faɗi, Yaya."

Baba ya jawo tasa ya wanke hannu da kansa, ya turo mini butar, ya yi bisimilla, ya sa hannu a shinkafar ta gefen da nake. Baffa ya miƙe ya nemi takalmansa. Sauran biyun suka dubi juna, suka dubi naman, ɗayan ma har ya naɗe hannun riga, amma tare suka zo kuma gari ɗaya za su koma, sai suka bi shi. Baba bai fasa raka su ba, har bakin titi. Ya dawo ya sake wanke hannu muka ci.

Kunya nake ji in faɗa, amma abin da ya cika mini ciki ranar daɗi ne zalla. Na ɗauka na ci nasara. Washegari na taka keke kamar ba kaya a kai, har waƙa nake yi. Faranti ya koma ɗaya, Baba bai ƙara tayar da maganar buhu ba, bai kuma taɓa kwalbar da hannunsa ba, in zai wuce ta jikin keken sai ya tattare riga. Ni dai ina ta harkata, ban tsaya na tambayi kaina abin da zai biyo baya ba.

Sai da shekara ta zagayo na gani. Alhazai suka sauko, Baba ya sa farar riga ya tafi masauki, ya dawo shi kaɗai ya ce bai dace ba. Washegari ma haka. Kwana tara yana sintiri. A na goma ya ce wa Inna ta dafa na mutum shida, an tabbatar masa jirgin mutanen garinsu jibi ne, yau duk suna masauki. Ta dafa, har da kaji. Ni na dawo da wuri na share rumfa, na shimfiɗa sabuwar tabarma, keken ma na zagaya da shi bayan gida ba wanda ya sa ni.

La'asar ta kusa sannan na hango shi daga ƙarshen layi, shi kaɗai, yana tafe a hankali da ƙullin dabinon da ya fita da shi. Ya zauna ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Inna ta kawo farantin ta ajiye ta koma, ba ta tambaya ba. Ni na tambaya.

Ya ce ya same su, suna da yawa ma bana. Sun gaisa a tsaye, kowa ya ce yana da uzuri. Wani mai ɗan dama-dama a cikinsu ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ake faɗa a gari, wai ya buɗe gidan giya a Jidda, shi yana gasa nama, ɗansa yana zuba wa mutane. Ƙanwarsa ba ta aiko da gaisuwa ba, dabinon ma ba wanda ya yarda ya kai mata. Yana faɗa yana kallon tabarma, muryarsa ba ta canza ba.

Ban taɓa tsanar abu kamar yadda na tsani keken nan a lokacin ba, da bakina, da kwalbar da na shanye don in huce haushi a kan mutanen da ban ma sani ba. Gaskiyata ce, har yau ina cewa gaskiyata ce, amma ba ni na rasa komai ba, tsohon nan ne ya rasa. Na ce, "Baba, gobe zan mayar wa mutumin kekensa. Na koma dako a tasha."

Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da ba ya yi.

"Yanzu? Da bara ka bari, da wani abu ne. In ka ajiye shi gobe ka gaskata su ke nan, ni kuma na rasa garinmu a banza." Ya jawo buta. "Da sassafe za ka fita, ta gaban masaukin za ka bi kamar kullum, kuma kada in ga ko ƙyalle a kan kwalaben nan. Matso da farantin. Shinkafar mutum shida ce, uwarka ba za ta yarda a mayar mata da ita ba."

Na matso da shi, muka sa hannu.